Iska ce ta raba teku? Abin da masu shakka ke faɗi a kan mu'ujiza

 

Maganar yau wani mai saurare ne ya jawo ta, mai fataucin shanu. Ya aiko mana da saƙon murya ya ce wani dare suna zaune a kara suna jiran motar lodi, sai wani yaro ɗan makaranta ya ɗauko waya ya ce Turawa sun gano cewa tekun da ya rabe wa Annabi Musa, iska ce kawai ta kore ruwan. Ya ce nan take wuri ya hargitse. Musulmin da ke wurin da Kiristan da ke wurin duk suka taso wa yaron, da ƙyar aka raba ba a doke shi ba. Tambayarsa ita ce: shin akwai Turawan da suka faɗi haka, kuma in akwai, mece ce hujjarsu?

Akwai su, Alhaji. Kuma sun fi shekara 200 suna wannan magana. Zan kawo maka abin da suka ce da amsar da aka ba su. Ban zo taɓa addinin kowa ba. Amma wanda bai san abin da ake faɗi ba, ranar da ya fara ji sai ya rasa amsa, sai hannu ya riga baki, kamar yadda aka kusa yi a karar nan.

Mu fara da iskar. A shekarar 1882 wani hafsan sojan Ingila mai suna Alexander Tulloch yana aiki a gefen tafkin Manzala, a arewacin Masar, inda kogin Nilu ke shiga teku. Ya ba da labarin cewa iska mai ƙarfi ta taso daga gabas ta kwana tana kaɗawa, da gari ya waye sai ya tarar ruwan ya janye wajen mil 7, mutane na tafiya cikin laka inda jiya jiragen masunta ke yawo. Duk wanda ya zauna bakin Tafkin Chadi ba zai yi mamaki sosai ba, don ruwan da ba shi da zurfi, iska na iya tura shi gefe guda. A 2010 kuma wasu masu bincike biyu a Amurka, Carl Drews da Weiqing Han, suka gwada abin a kwamfuta. Lissafinsu ya nuna in iskar gabas mai gudun kusan kilomita 100 a awa ta kaɗa awa 12 a wani lungu na gabashin bakin Nilu, ruwa mai zurfin mita 2 zai janye, hanya ta buɗe har awa 4, iska na tsayawa kuma ruwan ya komo da gudu. Wannan shi ne labarin da yaron ya gani a waya.

Sai dai ka lura da abin da kwamfutar ta nuna. Ta nuna abu na iya faruwa, ba ta nuna shi ne ya faru a wancan dare ba. Wurin da suka gwada ma ba Bahar Maliya ba ne, wani tafki ne da suke zaton yana nan a zamanin. Littafin Fitowa da Yahudawa da Kirista ke karantawa shi kansa ya ambaci iskar gabas da ta kwana tana busawa, kuma Drews ɗin Kirista ne mai bin addininsa. A ganinsa iska ba ta kore ikon Allah ba: wa ya taso da ita daidai lokacin da mutane suka iso gaɓa, wa ya tsayar da ita daidai lokacin da rundunar Fir'auna ta shiga? Mai shakka zai ce dace ne, ko kuma labarin ne aka gyara daga baya. Mai imani zai ce kaddara ce. Kwamfuta ba ta da bakin raba wannan gardama.

Irin wannan bayani ya yi tashe a Jamus tun da daɗewa. Wani malamin jami'ar Heidelberg, Heinrich Paulus, ya fitar da littafi a kan rayuwar Yesu a 1828, ya bi mu'ujizozin Linjila ɗaya bayan ɗaya yana nema musu dalili na yau da kullum. Tafiya a kan ruwa, ya ce a gaɓa yake tafiya cikin hazo, almajirai daga cikin jirgi suka ga kamar a kan ruwa ne. Ciyar da mutum 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu, ya ce da Yesu ya fara raba ɗan abin da ke hannunsa, sai masu guzuri a ɓoye suka ji kunya kowa ya kwance nasa, abinci ya ishi kowa. Ku da kuka san tafiyar fatauci kun san ba a rasa mai ƙulli-ƙuli ko dabino a ƙasan jaka. Bayanin yana da daɗin ji.

Wanda ya rushe shi kuwa ba limamin coci ba ne, wani mai shakka ne da ya fi shi zafi. David Strauss, saurayi ɗan shekara 27 a Tübingen, ya fitar da nasa littafin a 1835. Ya ce Paulus ya yi wa labarin kwaskwarima har ya ɓata shi, don babu inda marubutan suka ce hazo ko guzuri, abin al'ajabi suke nufi kuma shi suka rubuta. A ra'ayin Strauss, mutanen farko suna jiran Almasihu wanda zai fi annabawan da, to sai labarinsa ya riƙa ɗaukar kamannin labaran da suka riga suka sani. Ya kawo misalin Annabi Ilyasa'u, wanda littafin Yahudawa ya ce ya ciyar da mutum 100 da gurasa 20 har aka bar saura. Ba ya cewa wani ya zauna ya shirya ƙarya. Cewa yake labari yakan girma a bakin masoya ba tare da sun sani ba. Littafin ya jawo masa kora daga aikinsa. A 1839 aka ba shi kujerar koyarwa a Zurich, mutanen yankin suka tayar da ƙura, aka sallame shi da fansho bai shiga aji ko sau ɗaya ba.

Daga nan gardamar ta koma kan tambayar da ku 'yan kasuwa kuka fi kowa sani: wa ya faɗa, daga bakin wa ya ji, bayan kwana nawa? Masana tarihi, masu addini da marasa shi, kusan duk sun yarda Yesu ya rayu a ƙasar Falasɗinu zamanin da Bilatus ke gwamna, wato daga shekara ta 26 zuwa 36. Marubucin Rum Tacitus, wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya ambace shi wajen shekara ta 116. A kan ƙarshen zamansa a duniya, Kirista sun yi imani an gicciye shi ya tashi, Musulmi sun yi imani ba a kashe shi ba, ɗauke shi aka yi. Wannan bambanci ne na aƙida, kowa ya san nasa. Abin da masu shakka suka kama shi ne tazara. Yawancin masana suna sa rubuta Linjilar Markus wajen shekara ta 70, kusan shekara 40 bayan abubuwan, ta Yohanna kuma wajen ƙarshen ƙarnin. Da harshen Girka aka rubuta su, alhali Yesu da almajiransa Aramaik suke ji. Sai su ce shekara 40, da sauyin harshe, da sauyin ƙasa, ai sun isa tunkiya ta zama raƙumi.

Malaman Kirista suka amsa da cewa wasiƙun Bulus sun riga Linjila, tun wajen shekara ta 50 ya fara rubuta su, kuma ya faɗi da kansa cewa ya sadu da Bitrus da Yaƙub a Urushalima, mutanen da suka zauna da Yesu. Suka ƙara da cewa mutanen da ba su dogara da takarda ba suna da riƙo. Nan kam ina ganin suna da abin faɗi. Na sha zama da dattijon Bafulatani yana lissafo mini asalin saniya, uwarta da kakarta da kakar kakarta, da shekarar da aka sayo ta farkon, ba ya tuntuɓe. Kunne ya girmi kaka. Sai dai dattijon nan, da aka zo labarin zakin da ya taɓa far wa garkensu, na lura zakin yana ƙara girma duk shekara. Haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take, tana riƙewa kuma tana ƙari, shi ya sa ɓangarorin biyu har gobe ba wanda ya kai ɗan uwansa ƙasa.

Wani abin lura: abokan gāban Kirista na farko ba su musanta cewa an ga abubuwan mamaki ba. Wani Bagirke mai suna Celsus, wajen shekara ta 178, cewa ya yi sihiri ne aka koyo a Masar. Ka ga shakka irin ta wancan zamani daban take da ta yanzu.

Mutumin da ya fi kowa suna a wannan fage shi ne David Hume na ƙasar Sukotlan. A 1748 ya kafa wata ƙa'ida mai sauƙin faɗi. In wani ya zo maka da labarin abin da ya saɓa yadda duniya ta saba tafiya, ka ɗora abu biyu a sikeli: yiwuwar abin ya faru, da yiwuwar mai labarin ya yi kuskure ko an ruɗe shi ko yana ruɗinka. Wanda ya fi nauyi, shi za ka ɗauka. Kuma a wurinsa kullum kuskuren mutum ne ke rinjaya, don mun ga mutane sun yi kuskure sau dubbai, ba mu ga matacce ya tashi ba. Kai ma da wannan sikeli kake ciniki. In dillali ya ce maka akwai bijimi a Maiduguri ana sayarwa kuɗin akuya, ba ka kama hanya, ka san ko na sata ne ko maganar ce ƙarya.

Amma sikelin na da rauni, Hume kansa ya taɓo shi. Ya kawo labarin wani ɗan sarki a Indiya da aka gaya masa a ƙasashen sanyi ruwa kan daskare ya yi tauri, ya ƙi yarda don bai taɓa gani ba. Bisa abin da ya sani, hankalinsa ya yi aiki daidai, amma masu labarin ne ke da gaskiya. Masu sukar Hume suka ce in ka riga ka yanke cewa ba shaidar da za ta ishe ka, to ba shari'a ka yi ba, hukunci ka rubuta kafin a kira shaidu.

Kada kuma a zaci tantance labari Turawa suka fara shi. Ibn Khaldun, haifaffen Tunis, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya soki marubuta tarihi irin su Mas'udi da suka kwafe cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000. Bai musanta mu'ujizar annabawa ba, adadin ya tuhuma. Ya ce tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa kakanni kaɗan ne, zuriya ba ta yaɗuwa haka cikin wannan lokaci, kuma Farisa da duk girman mulkinta mutum 120,000 ta tara a yaƙin Ƙadisiyya. Lissafin makiyayi ke nan: in an ce maka shanu 10,000 sun sha a rijiya ɗaya da guga ɗaya kafin azahar, ba sai ka je ba. Malaman hadisi su ma rayuwarsu suka ƙarar suna bin sarƙar masu ruwaya, wane ya ji daga wane, ya riske shi kuwa, yana da riƙo ko mai mantuwa ne.

Akwai kuma masu cewa imani da gaibu gaba ɗayansa daga ginin ƙwaƙwalwa ya fito. Hujjarsu kai makiyayi ka san ta a jikinka. Cikin dare ciyawa ta motsa bayan garke, me ka fara zato? Kura ko ɓarawo. Wanda ya zaci kura alhali iska ce, barci kawai ya rasa. Wanda ya zaci iska alhali kura ce, ya rasa maraƙi. Don haka, in ji su, aka gaji zuciya mai saurin ganin mai aikatawa a bayan kowane motsi, har ta kai ga ganin hannu a bayan tsawa da annoba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗa wannan bayani, Justin Barrett, shi kansa Kirista ne, kuma amsarsa ita ce sanin yadda ido ke gani bai nuna babu abin gani ba.

To, duk waɗannan maganar abin da ya wuce ne da shekaru dubbai, ba mai iya komawa ya auna. Abin da ya fi damuna shi ne na yau, wanda ake iya aunawa, don a nan ne ake asarar dukiya da rai.

Ku tuna tafkin Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru, ba nisa da iyakar Najeriya. Daren 21 ga Agusta 1986 aka ji ƙara daga tafkin. Kafin gari ya waye mutum 1,746 sun mutu, da dabbobi wajen 3,500, da yawansu shanun Fulani. Ba jini, ba rauni, bukkoki na tsaye, tukwane na kan murhu. Waɗanda suka farfaɗo sun ce fitilu sun mutu da kansu. Ruwan tafkin da aka sani shuɗi ya koma ja. Wasu suka ce iskokin tafkin ne suka yi fushi, wasu suka ce wata ƙasa ce ta gwada bam. Da masana suka sauke kwalabe ƙasan ruwan, sai suka tarar yana cike da iskar kabon, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Tafkin a bakin tsohon dutse mai aman wuta yake, zurfinsa ya kai mita 200, iskar na tsattsafowa daga ƙasa tana taruwa shekara da shekaru, nauyin ruwan sama ya danne ta kamar murfi. Daren nan murfin ya buɗe. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwari kamar ambaliya har wajen kilomita 25, duk mai numfashi da ke ƙasa-ƙasa ya shaƙe. Jan ruwan kuwa ƙarfen da ke narke a ƙasa ne ya taso ya yi tsatsa. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya yi irin haka ya kashe mutum 37.

Da an tsaya a kan fushin iskoki, da sai a yanka baƙin bunsuru a koma kwari a jira ta biyu. Sanin dalili ne ya sa a 2001 aka kafa bututu tsakiyar tafkin yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011. Amma ga wani gefen da masu raina tatsuniya ba su cika faɗi ba. Wata mai binciken al'adu, Eugenia Shanklin, ta tarar tsofaffin mazauna yankin suna da labaran tafkuna masu fashewa su haɗiye mutane, da al'adar gina gida a kan tudu. Tsofaffin ba su san kabon ba, amma sun san kwari na kisa. Mafi yawan waɗanda suka mutu a ƙasan kwarin suke.

A Mumbai ta Indiya, a 2012, ruwa ya riƙa ɗiga daga ƙafar wani gicciye, mutane na tara shi a kwalba, wasu har sha. Wani mai bincike, Sanal Edamaruku, ya bi sawun ruwan ya tarar magudanar da ta toshe ce a kusa, bango ya tsotso. Aka kai ƙararsa kan cin zarafin addini, ya bar ƙasar ya koma Finland. Ita kanta cocin Katolika tana da nata matakin. A Lourdes ta Faransa, inda miliyoyi ke zuwa neman waraka, tun 1883 akwai ofishin likitoci da ke bincikar duk wanda ya ce ya warke. Sama da mutum 7,000 sun kawo labarinsu, waɗanda aka amince da su a matsayin mu'ujiza 70 ne da 'yan kai. Masu wurin da kansu sun ajiye 99 cikin 100 gefe.

A gidanmu ma darasin na nan. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Shi da kansa ya gyara musu, ya nuna rana da wata ba su husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla. Duk da haka a Janairun 2001, da wata ya yi husufi, matasa a Maiduguri suka fita suna ƙona otal-otal da mashaya wai zunubin masu su ne ya jawo, alhali masu ilimin taurari sun san daren da sa'ar tun shekaru kafin nan. Haka suka sanar da na rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa Gana da Togo da Benin da Najeriya da Nijar da arewacin Chadi, da yawanku kun ga kaji na shiga akurki da rana tsaka.

Ra'ayina, in kun ba ni dama: mu'ujizar annabawa maganar imani ce, yaron da ke da waya bai rushe ta ba, dukansa kuma ba zai tabbatar da ita ba. Amma mutumin da ya tare ka a kasuwar iyaka ya ce yana ninka kuɗi, ko yana da ruwan da ke warkar da ciwon huhun shanu ba sai an yi allura ba, ko layar da ke sa jami'in kwastan ya makance, wannan yana raye, yana gabanka, kuma kuɗinka yake so. Shi kam ka ɗora shi a sikelin Hume ba laifi. Ka ce ya ninka nasa tukuna kana kallo. Ka tambayi garken wa ya warkar, a wace ruga, ka je ka gani da idonka, ka tambayi maƙwabcin mai garken, ba mai garken kaɗai ba. In ya ce tambaya na karya asirin, ka riƙe jakarka ka yi gaba. Malam ko fasto na ƙwarai ba ya jin haushin a tambaye shi.

Ku kuma masu kai shanu tsaunukan Kamaru, in kuka ga dabbobi na faɗuwa a kwari ba ciwo, tsuntsaye na zubowa, wuta ta mutu ba iska, kada ku tsaya jan saniya ko neman dalili. Ku ɗauki yara ku hau tudu, ku yi ta hawa, bayani ya biyo baya.